Yarinyar da Ta Ɓoye Maganin Baba

A shekarun fari, akwai wata yarinya a Unguwar Lalle. Tana aji biyar a firamare. Mahaifinta, Malam Yari, manomi ne kuma makiyayi.

Shekara biyu ruwan sama bai wadata ba. Gero ya bushe a gona. Shanun Malam Yari suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan Baba ya canza. Ya daina fira. Ya daina cin abinci sosai. Sai ya zauna a ɗaki ya zuba wa bango ido.

Inna da ƙanensa, Baffa Atiku, suka kai shi asibiti a garin Isa. Likita ta ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ta ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi, sunansu amitiriftilin. Zai riƙa sha kullum da yamma.

Bayan 'yan kwanaki, yarinyar ta ga abin da ya ba ta tsoro. Bakin Baba yana bushewa ƙamas. Barci yana kai shi har hantsi. Wata safiya ya miƙe da sauri, jiri ya kwashe shi, ya faɗi a bakin ƙofa.

"Baba! Baba!" ta yi ihu.

"Ba komai, ɗiyata," ya ce. "Jiri ne."

Amma hankalinta bai kwanta ba. Ta ce a ranta, "Maganin nan zai kashe mani Baba."

Da Inna ta fita, sai yarinyar ta ɗauke kwalbar maganin. Ta jefa ta cikin rumbu, ta rufe.

Da yamma Inna ta duba ko'ina. "Ke, ba ki ga maganin babanki ba?"

"Ban gani ba, Inna," ta ce, idonta a ƙasa.

Kwana biyu yarinyar tana murna. Bakin Baba ya rage bushewa. Amma a kwana na uku kansa ya fara sarawa. Zuciyarsa tana tashi. Barci ya ƙaurace masa. Ɗan tuwon da ya fara ci ma ya ture. Kafin mako biyu, ya koma zaman shiru, har ya fi na da.

Wata rana ta dawo daga makaranta, ta iske Inna a bayan ɗaki tana share hawaye. Yarinyar ta kasa haƙuri.

"Inna, ni na ɓoye shi," ta ce tana kuka. "Yana cikin rumbu. Na ga yana kayar da Baba."

Inna ta dube ta, ta ce, "Kin yi ƙarya, kuma kin wahalar da babanki. Gobe za ni Isa da shi. Da ke za mu tafi. Da bakinki za ki yi bayani."

Washegari suka shiga mota. A gaban likita, Hajiya Hajjo, yarinyar ta tsaya. Ta faɗi komai.

Likita ba ta yi tsawa ba. Ta ce, "Abin da kika gani gaskiya ne. Wanga magani yana busar da baki. Yana sa barci da jiri, wani lokaci har bayan gida ya yi wuya. Waɗannan su ke fara zuwa. Amfaninsa kuwa sai bayan makonni."

"To, ba guba ba ne?" yarinyar ta tambaya.

"Ga babanki magani ne. Amma da ƙaramin yaro ya tsince shi ya sha, da an shiga babban haɗari. Kuma ba a yanke shi kwatsam. Da kin faɗa, da tuni na gyara."

Likita ta rage yawan maganin, ta ce za a ƙara a hankali. Sannan ta dubi yarinyar.

"Tunda idonki yana gani, ga aikinki. Ki riƙa ba shi ruwa yana kurɓa kaɗan-kaɗan. In zai tashi, ya fara zama, ki ƙirga mishi goma. In kin ga wani sabon abu, ki faɗa wa Inna nan take."

Ta riƙe aikin nan da gaske. Kowace safiya ana jin muryarta: "Ɗaya, biyu, uku... Baba, ban kai goma ba!"

Wata rana Baba ya yi dariya. Inna ta saki muciya ta leƙo.

Bayan wata biyu jirin ya ragu sosai. Baba ya ɗauki fartanya, shi da Baffa Atiku suka nufi fadama. Suka haƙa rijiya, suka dasa albasa. Ranar da ya ɗora buhun farko a kan jaki zuwa kasuwar Bafarawa, maƙwabta suka fito suna yi masa barka. Yarinyar tana gaba, tana riƙe da igiyar jakin, tana tsalle.

Baba ya dafa kanta. "Me kika koya, ɗiyata?"

Ta ce, "In magani ya kawo matsala, ba a ɓoye shi, ba a daina shi da ka. A faɗa wa manya, a koma wurin likita. Kuma ba ni ƙara yin ƙarya."

"Madalla," in ji Baba. "To, ja jakin nan mu tafi, kada kasuwa ta watse."