Layinsa Na Bari

"Ɗaya za a yanke," in ji ma'aikaciyar kamfanin waya, ko ɗago kai daga kwamfutarta ba ta yi ba. "Wanne a ciki?"

Na dafa teburin da ke gabanta da hannu biyu. Mutum shida ne a bayana, wani dattijo har ya fara tsaki.

"'Yar'uwa, ba za a ƙara mini ko sati biyu ba? Wallahi neman aiki nake..."

"An ƙara miki wata guda a baya. Layi biyu ne a kwantiraginki, kuɗin da kika kawo na ɗaya ne. Wanne?"

"Nawa," na ce. "Ki yanke nawa."

Sai a nan ta dube ni.

"Naki? Ɗayan fa na waye, mijinki?"

"Ya kusa zama."

Ta taɓe baki, ta danna abin da za ta danna. Ina kallo sandunan sabis suka ɓace daga fuskar wayata.

Ɗaya layin na Injiniya ne. Haka nake kiransa tun ranar da ya gama karatu, duk da cewa shekara biyu ko ƙusa ba a ba shi ya buga ba. Shi kuma Kashiyata yake ce mini, don ni ke karɓar kuɗi a wani kantin magani. Lokacin da nake da albashi na ɗauko kwantiragin layi biyu da sunana, na miƙa masa ɗaya. Lambar nan ce a kan kowace takardar neman aiki da ya aika. In ta mutu, wa zai same shi?

Ga kuma Umma. Tun bara ta kafa doka.

"Kada in ƙara ganin ƙafarsa a ƙofar nan sai ya zo da takardar aiki a hannu! Injiniyan baki! Ke ce uwarsa da za ki riƙa biya masa waya?"

Saboda haka wayar ce zaurenmu, ita ce hanyarmu. Kullum da azahar, lokacin hutuna, zai kira.

"Kashiyata, yau nawa kika ƙirga?"

"Na mutane ne, Injiniya."

"Ki yi haƙuri, kin kusa ƙirga nawa."

"Kai dai ka fara samun abin ƙirgawar!"

Sai mai kantin ya rage ma'aikata. Mu biyu ne a wurin karɓar kuɗi, ni da ƙawata, wadda muka yi shekara uku muna cin abincin rana a kwano ɗaya. Ya bar ta, ya sallame ni. Ban faɗa wa Injiniya ba. Na san shi, da ya ji sai ya ce lallai in karɓi layin, kuma ni ban shirya ganin wannan kunyar a fuskarsa ba. Girman kai ne ko so, har yau ban raba su ba.

Da na fito daga kamfanin wayar, kai tsaye kantin na nufa. Na rubuta lambarsa a bayan wani rasit na miƙa wa ƙawata.

"Ki kira shi don Allah. Ki ce wayata ta faɗa ruwa, ina gyarawa. Kada ki faɗa masa zancen aikin."

"Haba ƙawata, ni da ke? Ki kwantar da hankalinki."

Da hannuna na ba ta. Wannan ne yake hana ni sukuni.

Na roƙi yayata ta ara mini wayarta in ji muryarsa ko minti ɗaya, ta ce ba da ita ba, Umma ta yi rantsuwa. Sai na koma zuwa kantin duk ranar Talata in karɓi saƙo.

"Ya ce yana gaishe ki."

"Shi ke nan?"

"Ya ce ki yi haƙuri, yana ta zirga-zirgar intabiyu."

Na koma gida ina murna kamar wawuya. Wata na farko na sayar da 'yan kunnena na gwal na biya layinsa. Wata na biyu na sayar da takalman aikina da jakar da nake so. Takalmi ɗaya ya rage mini, da shi na zaga ofis-ofis ina ajiye takardu, ina rubuta lambar yayata a ƙasa. Ita wayata kuwa ban daina cajinta ba. Da azahar sai in ɗauke ta in riƙe, alhali na san babu mai kira.

A wata na uku na je biya, sai ma'aikaciyar nan ta ce bil ɗin ya ƙaru.

"Ya wuce mintunan da aka ba shi. Tunda ba kya samun saƙo, bari in buga miki a takarda ki gani."

Shafi huɗu ta miƙo mini.

Na ji daɗi ma da farko, na ce kamfanoni ne yake ta kira. Na sa yatsa ina bin jerin. Sai na ga lamba ɗaya tana maimaita kanta. Minti arba'in. Awa ɗaya da minti shida. Minti hamsin da biyu. Kullum da azahar.

Ba sai na tambayi kowa ba. Shekara uku ina kiran lambar nan, ko daga barci aka tashe ni zan karanto ta.

Ta ƙawata ce.

"Lafiya?" in ji ma'aikaciyar. "Za ki biya?"

"Ina zuwa..."

Ban je kantin ba, don na san in na shiga sai an kira mini 'yan sanda. Wani abokinsa mai gyaran babur na nema, shi ya ce mini ai Injiniya ya samu aiki tun sati biyar, a wani kamfanin gine-gine. Sati biyar! Kowa ya sani sai ni.

Na tsaya a bakin ƙofar kamfanin har aka tashi da la'asar. Ya fito da hular kwano a hannu, riga mai tambari a aljihu. Wallahi ta yi masa kyau, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Ya gan ni ya tsaya cak.

"Ke ce?"

"Ni ce. Barka da aiki, Injiniya."

"Me kika zo yi? Mai kuɗin naki ya sallame ki ne?"

"Wane mai kuɗi?"

"Kada ki raina mini hankali! Ƙawarki ta faɗa mini komai. Kin canza layi, kin ce kin gaji da ciyar da namiji. Na kira ki ya fi sau ɗari, kullum a ce lambar ba ta aiki!"

"Layinka fa? Shi yana aiki?"

"Yana aiki, albarkacinta. Da kika daina biya ita ta ɗauka, wata uku ke nan. Da shi aka kira ni aikin nan. Ke kuwa..."

Dariya ta kufce mini, irin wadda ba ta da daɗin ji. Na buɗe jakar leda na ciro rasit biyu da shafukan nan huɗu na ɗora masa a kan hular kwanon.

"Karanta sunan da ke kai."

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya dubi kunnuwana, babu komai a jikinsu. Ya dubi takalmina.

"An kore ni daga aiki wata huɗu da suka wuce," na ce. "Kuɗin layi ɗaya nake da shi. Aka ce in zaɓa."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Laifina ke nan, na ɗauka. Naka fa?"

Ya rufe fuska da hannu.

"Kashiyata... iyayena sun je gidansu neman aurenta shekaranjiya."

Na kwashe takarduna na mayar cikin leda.

"Zan warware," ya ce da sauri. "Wallahi yau zan warware! Zan biya ki duk abin da kika kashe, zan zo wurin Umma da takardar aikin, ga ta nan a aljihuna..."

"Sati biyar tana aljihunka."

"An yaudare ni ne, masoyiya!"

"An yaudare ka, na yarda. Amma mota ɗaya ce daga unguwarku zuwa tamu. Da ka zo ko da Umma za ta watsa maka ruwa, ka tambaye ni da bakinka, da yanzu ina nan ina kuka a gabanka ina yafe maka. Wata uku, ko sau ɗaya ba ka zo ba. Azahar ɗina ka ɗauka ka ba wata, kuma ni ke biya."

Ya kira ni har sau uku. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan koma.

A gida Umma ta ga fuskata, ta buɗe baki za ta ce ai ta faɗa, sai ta fasa. Ta jawo ni jikinta kawai, na yi kuka har muryata ta dushe.

Washegari na koma kamfanin wayar. Ma'aikaciyar ta gane ni.

"Kuɗin ɗaya ne kuma?"

"Na ɗaya ne."

"Wanne za a bari?"

"Nawa."

Wannan karon ba ta taɓe baki ba. Sandunan sabis suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Na fito na zauna a kan matakala. Azahar ce. Kafin in ankara yatsana ya danna lambarsa da kansa, na kai wayar kunne.

"Lambar da kuka kira ba ta aiki a halin yanzu."

Na sake kira, na saurare ta har ƙarshe. Ashe muryar da ya yi ta ji ke nan, kuma ta ishe shi amsa.

Ni ba ta ishe ni ba. Sai da na kira sau tara kafin na iya tashi.