Biza Biyu Ko Babu

Auta na zaune a ɗakin Umma, kwamfuta a cinya, Yaya ya banko labule ko sallama bai ƙarasa ba.

"Da gaske ne abin da na ji? Kin ce musu a'a?"

"Na ce musu a'a, Yaya."

Umma ta saki tsintsiya ta hau salati.

Ita dai Auta rubuta manhaja ce sana'arta. Ba ofis, ba oga. Ta intanet take kamo ƙananan ayyuka, yau ta gyara wa wannan shafinsa, gobe ta haɗa wa wancan manhajar kanti. Ta daɗe tana neman kamfanin ƙasar waje da zai ɗauke ta aiki ya tsaya mata a kan biza. Ta sha intabiyu har bakinta ya gaji. Sai ga wani ya amsa, amma ita kaɗai. Mijinta Tela ba ya cikin lissafi.

"Saboda tela!" Yaya ya daka tsawa. "Mutane na sayar da gado su samu wannan dama, ke an kawo miki har ɗaki kin sa ƙafa kin shure! Ki tafi mana! In ya biyo ki, to. In bai biyo ba, maza sun ƙare ne?"

"Nawa dai guda ne," in ji Auta, idonta ƙyam a kansa. "Lokacin da kuke cewa zaman banza nake ina danne-danne, shi yake kashe dutsen gugarsa a shago don janareta ya ɗauki kwamfutata. Kwastomominsa su zage shi, ya yi murmushi. Yau ne zan ce ban san shi ba?"

Umma ta fashe da kuka. "Auta, dubi rufin ɗakin nan, dube ni. Ko don ni ba za ki je ba?"

Wannan ce ta soki Auta. Ta durƙusa ta riƙe ƙafar uwarta, hawaye shaɓe-shaɓe. "Umma, zan gyara miki rufi, wallahi. Amma ba da aurena zan saya miki kwano ba."

"To ki fita," in ji Yaya. "Kada in ƙara ganin ƙafarki a nan!"

Ta wuce shago kai tsaye. Ta tarar da Tela zaune, keken ɗinki a tsaye, almakashi a hannu bai yanka komai ba. Ashe Yaya ya riga ya biyo ta nan kafin ya je ɗakin Umma.

"Auta, ki je," ya faɗa a hankali, kansa a ƙasa. "Ba na so a ce ni na danne miki arziki. In igiyata ce ta ɗaure ki, zan sauwaƙe miki—"

"Kai ma?" Ta fizge almakashin ta dangwarar a tebur. "Ka ƙara furta wannan kalma, ka ga yadda ake rikici! Ni na ce maka nauyi kake min? Taka kekenka, malam, in kunna kwamfutata!"

Dariya ta ƙwace masa, ga ƙwalla a ido.

Watannin da suka biyo baya ba daɗi. Dangi suka ɗauke ƙafa, maƙwabta na cewa an shanye ta. Ita kuwa ta sauya salo: duk intabiyun da aka kira ta, kafin a yi nisa sai ta ce, "Ina da miji. Biza biyu, ko mu yi sallama." Da yawa suka yi sallamar. Ta share hawaye ta koma kan ƙananan ayyukanta.

Rannan wata shugabar kamfani ta ji haka, ta gyara tabarau. "Me mijin naki yake yi?"

"Tela ne. Kot ɗin nan da ke jikina, aikinsa ne."

Matar ta yi murmushi. "Wadda ta ƙi yar da mijinta ba za ta yar mana da aiki a tsakiya ba. Ki turo fasfo ɗinku."

Tare suka je gidan Umma. Yaya ya tare ƙofa, ya ji labari, ya matsa gefe. Tela ne ya fara miƙa masa hannu. Umma ta rungume 'yarta tana cewa, "Ki yafe min, talauci ne ya yi magana da bakina."

Haka Auta ta samu aikin, ba ta rasa mijin ba. Arzikin da sai ka tattaka masoyi kafin ka kai gare shi, ba naka ba ne. Naka na tafe. Ka tsaya a kan gaskiya, ka yi haƙuri.