Mai Amsa a Ƙarƙashin Matakala

Ko na dafa Littafi ba za ku yarda ba, amma ku shiga unguwarmu a Tanta ku tambayi wanda ya fi kowa iya tsiya, Basyuni za a nuna muku. Shi ne ya ɗaure jaki a ofishin shugaban makaranta, ranar da suka yi hannun riga da boko.

Ɗakin saman bene ne ya haɗa shi faɗa da Rawya, 'yar kawunsa. Nan yake kiwon tantabaru, sai Kawu Mitwalli ya fitar da kejin waje, ya ce ɗakin na mai jarrabawa ne. In suka haɗu a matakala sai Basyuni ya ce, "A ba Likita hanya." Ita kuma ta toshe hanci, wai kashin tsuntsu ya iso.

Bututun da ke kai ruwa tankin sama dab da tagar ɗakin ya ƙare, kuma in babu ruwa a ciki, magana na bi. Basyuni ya ƙudura zai zama aljaninta, ta gudu ta bar masa ɗakinsa.

Da magariba aka aike shi sayo burodi. Ya ratse ƙarƙashin matakala, inda injin tura ruwan gidan yake. Ya fizge wayar injin, ya kwance bakin bututu, ya kara kunne. Wurin na warin danshi da fitsarin kyanwa.

Ga muryar Rawya tana gangarowa ta bututun, siririya, tana bitar tambayoyin fiziks.

"Me ke juya injin lantarki?"

Ya buɗe baki zai yi gurnani. Wani ya riga shi, daga bayan ƙeyarsa.

"Wuta a cikin waya, waya a tsakanin maganaɗisu."

Numfashin mai maganar sanyi ƙalau, kamar an buɗe firji. Injin ya yi ƙas, ya fara juyawa. Wayarsa kuwa tana hannun Basyuni.

"In mutum ya yi ihu a sararin samaniya, wa zai ji shi?"

"Babu kowa," in ji na bayansa. "Can ba iska."

Kiran sallar masallacin layi ya yanke a tsakiya. Injin na gudu, ba ƙara. Basyuni ya kira Allah, ya kira uwarsa. Leɓe kawai ke motsi.

Ya ja numfashi. Bai samu komai ba.

"Abin da ke tsaye, yaushe zai motsa?"

"Sai wani ƙarfi daga waje ya ture shi." Muryar ta matso cikin kunnensa. "Nan kuwa ba mai zuwa."

Ƙafafu suka ƙi. Ido ya fara duhu.

Sai tas! Silifas a tsakar baya. Kawu Mitwalli ne, kumfar sabulu fal kansa, ruwa ya yanke masa yana tsakiyar wanka. Ya finciko shi ta wuyan riga, iska ta faɗa ƙirjin Basyuni tare da warin ƙonannen inji.

"Ɗan banza, me wayar nan ke yi a hannunka?"

Basyuni na haki, ya rantse karatun Rawya ne ya kira aljanu, a hau sama yanzu a tambaye ta. Bai rufe baki ba ƙofar titi ta buɗe. Rawya ce da jakarta, ta dawo daga darasi. Tun la'asar ta fita, makullin ɗakin na rataye a wuyanta.

"Sarkin tantabaru," ta ce, "yau kai ne ke wari."

Kawu ya sayar da tantabarun kaf, ba su kai kuɗin sabon inji ba. Ya yanke cewa kafin a cike kuɗin, Basyuni ne injin gidan: jarka biyu a hannu, daga famfon titi har hawa na ƙarshe, safe da yamma.

Washegari da magariba ya zo wucewa ta bakin matakala, jarkoki na rinjayarsa. Bututun ya yi ajiyar zuciya.

"Ɗalibi ya iso," aka raɗa. "Yau kai za ka amsa."