Shirun da Aka Goge

Ranar da ta fara shiga shagonsa, rikoda ce a hannunta, ƙwalla a idonta. Shi mai gyaran waya da rediyo ne. Ita kuwa gida-gida take bi tana naɗar muryoyin tsofaffin da suka ga yaƙi, kafin ƙasa ta rufe musu ido.

"Ruwa ta faɗa," ta ce. "Hirar kakana ce a ciki, kuma makon jiya muka binne shi."

"Kwantar da hankalinki, 'Yar Tarihi. In ban ceto ta ba, ki canza mini suna."

Rikodar dai ta mutu, amma ya kwashe hirar zuwa kwamfutarsa. Ta roƙe shi ya ajiye mata, don zuciyarta ba za ta iya ji ba tukuna. Daga nan wayarta ta riƙa lalacewa ba dalili, shi ma ya riƙa daɗewa wajen gyaran abin da lafiyarsa lau. Kafin su ankara so ya kama su.

Wata rana ya turo mata saƙo:

"Hasken shagona, na yi miki kyauta. Na goge duk inda Tsoho, kakanki, ya yi shiru, hirar ta fita tas kamar ta gidan rediyo."

"Ka ajiye ta asalin?"

"A'a, a kanta na yi aikin. Lafiya?"

Sai ta fashe da kuka. A lokacin yaƙi, masu rauni Tsoho ya yi ta ɗauka a fagen daga, kuma a kafaɗarsa ƙaninsa ya cika. Duk inda labari ya yi nauyi sai ya tsaya, ba a jin komai sai numfashinsa. Abin da bakinsa ya kasa faɗa yana cikin wannan shirun, kuma bawan Allah ya share shi da kyakkyawar niyya.

"Ki yafe mini, wallahi ban sani ba," ya rubuto. Ta karanta, ta kife wayar.

Babanta ya ce, "Yaron da ya goge numfashin mahaifina? Kada ya ƙara tako ƙofar gidan nan."

Kaka, matar marigayin, ita ce ta aika a kira mai gyaran.

"Kai ne sarkin karambanin? Kunna mu ji."

Ta saurara, ta taɓe baki. "Wannan ai mai karanta labarai ne. Mijina da ko gaisuwa sai ya huta a tsakiya?" Muryarta ta karye. "Na san duk inda yake tsayawa. Tun ina amarya nake jin labarin nan."

A ɗakin Tsoho suka yi aikin, kusa da gadonsa da ba kowa. Mai gyara ya kunna. In Kaka ta ɗaga hannu ya tsayar, ya naɗi shirun ɗakin har sai ta sauke, ya saka shi a gurbin wanda ya goge. Da aka zo kan ƙanin, hannunta ya daɗe a sama. Babu wanda ya motsa. 'Yar Tarihi ta dubi mai gyara, ta ga hawaye na ɗiga daga haɓarsa.

Baba yana bakin ƙofa yana share fuska da hula. Kaka ta ce masa, "Ka ba shi ita. Ya yi ɓarna, amma ya iya zama ya saurara."

Aka ɗaura aure. Kaka ta haɗa hannuwansu ta ce, "Allah Ya ba ku zaman da ko an yi shiru za a fahimci juna." Ba a jima ba ita ma ta bi mijinta.

Ran da suka samu ƙarfin hali, ango ya kunna hirar a ɗakinsu. Tsoho ya yi magana, ya tsaya. Amarya ta damƙe hannun mijinta.

"Ji," ta ce a hankali. "Kaka ce ke numfashi."

Allah Ya jiƙan tsofaffin, su kuma Ya bar su tare.