Ango Za Shi Bilma

"Bilma?!"

Faifan da ke hannun Zalihatu ya suɓuce, jar dawar taimako ta watse a ƙasan zaure. A shekarar farin nan, wanda ya zubar da ƙwaya ɗaya sai ya duƙa ya tsince ta. Ita ko kallon ƙasa ba ta yi ba.

"Bilma ta gishiri?"

"Ita," in ji Alkasim, malamin lakwal, wato makarantar boko, ta Jiratawa, da ake kira Mushe kamar kowane malamin boko, wanda saura kwana goma sha biyu a ɗaura musu aure. Takardar canjin wurin aiki na hannunsa, da hatimi ja a gindinta. A zamanin soja, takarda mai irin wannan hatimi ba a ce mata sai na yi shawara.

"Mushe, daina wasa... Ashe gari ne? Ni na ɗauka sunan gishiri ne kawai!"

Ya zaro taswirar ajinsa daga bayan mobilet, ɗan babur ɗinsa, ya shimfiɗa.

"Aza farcenki nan, abar ƙaunata."

Ta aza. Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, iyakar duniyar da ta taɓa takawa, duk suka ɓace ƙarƙashin farce ɗaya.

"Katsina fa?"

Ya matsa da yatsanta kaɗan.

"To ina Bilmar?"

Ya kama hannunta ya yi ta jan shi sama. Launin kore ya ƙare, sunayen garuruwa suka ƙare, hannu bai tsaya ba.

"Innalillahi! Har yanzu Nijar ce?"

"Akwai ma saura bayanta, kafin a kai Libiya."

Ta zauna daɓas a kan dawar.

Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne, bara Abdulmutallib, ɗan gwaggonta mai fataucin atamfa a Katsina, ya nemi aurenta. Ita ba ta son shi. Mahaifinta, Alhaji Illo, ya rasa yadda zai ƙi ɗan ƙanwarsa, sai ya miƙe gaban mutane ya ce ɗiyarsa ba ta aure a wata ƙasa, can nesa da uwarta. Katsinar da ake zuwa da hantsi a dawo kafin la'asar! Shi Alhaji ya san hanyar Ikko kamar tsakar gidansa, amma arewa da Dakwaro bai taɓa sa ƙafa ba, kuma bai taɓa jin ya yi asarar komi ba.

Kafin azahar gida ya kaure.

"Kwana nawa ce tahiyar?" Hajiya Atika, uwar amarya, ta tambaya daga bayan labule.

"Inna, in mota ba ta kafe cikin rairayi ba, mako guda ko fiye."

"In ta kafe fa?"

Alkasim ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, a fasa! Wallahi a fasa! Ɗiya guda gare ni!"

Ana cikin haka sai ga Abdulmutallib, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

"Kawu, na ji abin da ya faru, raina ya ɓaci. Bilma fa! Mushe, ai da ka kama bakinka. Mi ya kai ka cewa tiyar rabon hatsi ba ta cika?"

Zalihatu ta ɗago kai a hankali.

"Yaya Abdu, wa ya gaya maka Bilma ce? Ba wanda ya fita gidan nan tun da takardar ta shigo."

"Ai... gari ya ɗauka."

"Maganar tiya fa? Mu uku ne a zauren nan ranar da ya faɗe ta. Ni, da shi, da kai."

Zufa ta keto wa mai atamfa. Alhaji Illo ya dube shi, baki buɗe, kamar yau ya fara ganinsa.

"Kai ka kai shi gaban manya? Ɗan ƙanwata?"

"Kawu, don Zaliha na yi! Katsina ga ta nan kusa..."

"Tashi ka ba ni wuri!"

Ya fita har yana tuntuɓe da dokin ƙofa. Sai dai fitarsa ba ta goge hatimi ba. Kamiyo, babbar motar kayan da za ta arewa, ranar Alhamis zai tashi.

Alkasim ya naɗe taswirarsa.

"Baba, na janye. Ba ni da ikon raba ta da Inna. Zaliha, ki yafe mini, na kwance miki alkawari."

Wannan ta fi Bilma girgiza ta.

"Mi ka ce?"

"Don ke na..."

"Kai ma don ni? Yau kowa don ni yake yi! Shekara uku ina jin ƙarar wannan tsohon mobilet ɗin tun daga bakin gulbi gabana na faɗuwa, sai yau ka kwance ni kamar akuya?"

"Zuciyata, ba ki san wurin ba. Can ba a ruwan sama."

"Nan ana yi ne?"

Alhaji ya yi tari don ya ɓoye dariya, bai ɓoyu ba.

"Akwai abin sha?" ta ce, hawaye na zuba.

"An ce akwai idon ruwa, da dabino."

"Akwai kai?"

Ya gyaɗa kai.

Ta rarrafa ta ɗaga labule, ta kifa kai a cinyar uwarta.

"Inna... in kin ce kar in tahi, ba ni tahiya. Amma gangar jiki za ki riƙe."

Hajiya ta daɗe tana shafa kitson da aka yi don biki. Can ta share ido da gefen zane.

"Alhaji, aika Tsibiri a gaya ma dangi. Laraba za a ɗaura. Kai kuma Mushe, in ka dawo mini da ita a rame, sai ka gwammace soja."

Ranar Laraba aka ɗaura, babu kiɗa, da ɗan goron da fari ya bari. Alhamis da sassafe amarya ta hau bayan kamiyo, ta zauna kan buhunan dawa, lalle bai gama kama hannunta ba. Ta yi ta waige har Maraɗi ta ɓace.

A yini na biyu itatuwa suka ƙare. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, ba ta ga inda ƙasa ta tsaya ba.

"Mushe, mun kusa?"

"Amaryata... ko Agadas ba mu kai ba."

Ta zaro ido. Ta buɗe baki za ta yi kuka, sai dariya ta fito.

"To matso da kafaɗarka. Ashe da sauran zama."