Layin Da Ya Ratsa Tsohuwar Marina

Bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gida, ni da ƙanwata Zulai, mun haɗa kai muna kallo a kwamfutarta ta hannu, sai ta mutu ɗif. Zulai ta ja tsaki, ta ɗaga hannu za ta kai mata duka.

"Kul," in ji Yaya Sahura daga kan tabarma. Ita ce babbar 'yar wan babanmu, ta girme mu nesa ba kusa ba. "Wannan caji ne ya ƙare. Amma kada ki saba dukan abin da ba ki san me ya kashe shi ba. An taɓa ba ku labarin Kawu Tukur da tasa kwamfutar?"

Muka ce a'a.

"To, ku matso. Ba na son ɗaga murya."

Muka matsa. Ta gyara zama, ta fara.

Lokacin ina zaune a gidansa, shekarar da aka tura ni koyarwa garinsu. Kun san sana'arsa, zanen gini. Kafin a aza bulo ko ɗaya, shi ke zana gidan gaba ɗaya, ɗaki-ɗaki. Yana da kwamfutar tebur a ɗakinsa na zaure, irin mai akwati da allo daban. Tsohuwa ce, amma ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Sai wani Alhaji Sambo ya kawo masa aiki. Babban aiki, irin wanda bai taɓa samu ba tunda ya bar gwamnati. Rumbunan ajiyar shinkafa guda huɗu, a wani fili can bayan gari. Ya ce yana son zanen ran Juma'a ta sama. In bai samu ba, akwai masu jira.

Kwana biyu aiki na tafiya lafiya. Rana ta uku, da hantsi, muka ji Kawu ya ce, "Kai!"

Ta mutu. Ba ƙara, ba hayaƙi. Allo ya yi baƙi kawai, fanka ta tsaya. Ga wuta kuwa, ƙwan ɗakin na ci.

Ya kunna. Ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ya buɗe zanen, ya yi minti biyar. Ɗif.

Ya ce zafi ne. Ya kwance murfin akwatin, ya fito da ita tsakar gida, ya ari famfon keke ya yi ta hura ta. Ƙura ta tashi har matarsa, Anti Bara'atu, ta rufe tukunyar miya. Ya goge fanka da tsohon buroshin haƙori. Ya mayar, ya juya mata fankar ɗaki tana busa cikinta. Ya zauna. Ɗif.

Ya ce soket ne. Ya canza soket. Ya canza waya. Ya ce wutar gari ce ke rawa, ya tayar da janareta. Ɗif.

Ranar bai ci abincin rana ba. Anti ta kai masa, ta dawo da shi a rufe.

Washegari ya ɗaure ta a bayan babur ya kai wa Isyaku mai gyara a kasuwa. Isyaku ya zare waɗansu siraran alluna daga cikinta, ya goge bakinsu da abin goge fensir, ya mayar. Ya shafa wa ƙwaƙwalwarta sabon farin man nan mai rage zafi. Ya canza mata tukunyar da ke raba wuta. Sannan ya kunna ta ya bar ta tana aiki tun azahar har la'asar sakaliya. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

"Injiniya, lafiyarta ƙalau," in ji Isyaku. "Ta fi ni lafiya."

Kawu ya dawo gida da fara'a. Ya haɗa ta, ya yi bismilla, ya buɗe zanen. Ban gama wanke hannuna ba na ji ya buga tebur.

Anti Bara'atu ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Malam, ni fa na lura da wani abu. Kullum a wuri ɗaya take mutuwa."

"Wane wuri?"

"In ka zo jan wancan layin na ƙasa. Na kusurwa."

"Ke me kika sani a kan kwamfuta?"

Ta koma madafi. Amma ya gwada. Ya yi ta zana tagogi da ƙofofi, awa guda cur, ba ta mutu ba. Ya kai linzamin kwamfutar kusurwar gabas, ya fara jan layin katanga. Bai kai rabi ba. Ɗif.

Ya kira Isyaku a waya. Isyaku ya ce to zanen ne ya lalace, ko wata cuta ta shige shi. A wanke kwamfutar gaba ɗaya, a sake zuba mata komai, shi kuma ya soma zanen daga farko.

Daga farko fa. Aikin kwana biyar.

Haka ya yi. Ya rame a kwana ukun da suka biyo baya. Alhaji Sambo na kira safe da yamma, Kawu na cewa, "Saura kaɗan, ranka ya daɗe." Ya bar kusurwar gabas sai ƙarshe. Ran Alhamis da hantsi komai ya kammala, layi ɗaya ya rage. Ya adana aikin sau biyu. Ya share zufa. Ya ja layin.

Zulai ta ce, "Ta mutu?"

Ta mutu. Ban taɓa ganin Kawu a irin halin nan ba. Ya fizge wayoyin, ya rungumi akwatin, ya ɗaure shi a babur da roba. Anti ta biyo shi har zaure.

"Malam, rana ta take. Ka bari a yi azahar."

"Yau ko ni ko Isyaku."

Don sauri, bai bi titi ba. Ya yanke ta 'yar hanyar da ke bi ta bayan gari, wadda ke fita daidai bayan kasuwa. Hanyar nan ta gefen filin Alhaji Sambo take wucewa. A kusurwar filin akwai tsohuwar marina, ramukan rini guda uku da aka daina amfani da su tun zamanin kakanni. Ciyawa ta rufe bakinsu. Kawu ya gan su ranar da ya je awo. Ya rubuta a takardarsa, a cike da ƙasa.

Abin da zan faɗa muku yanzu, daga bakinsa na ji shi.

Yana isa daidai wurin, babur ya mutu. Ba tari, ba shaƙewa. Ɗif, kamar an zare masa rai. Ya buga, ya buga. Ya duba mai, da mai. Ya sauka yana zagin babur, yana zagin Isyaku, yana zagin ranar da ya sayi kwamfuta.

Sai ya lura ba motsi. Ba tsuntsu. Ba iska. Ko kukan akuya daga nesa babu.

"Sannu da rana, mai zane."

Ya juya. Wani tsoho ne zaune a kan dutse, gajere, da 'yar shara da wando iya gwiwa. Ɗazu babu kowa a kan dutsen.

"Yauwa, Baba. Sannu."

"Kayanka ne ya ƙi?"

"Wallahi, Baba. Duk biyun."

Kawu ya ce abin da ya fara damunsa muryar ce. Bakin tsohon na motsi a gabansa, amma maganar daga ƙasa take zuwa. Tana da amsa-kuwwa, kamar mai magana daga cikin rijiya.

"Kawo in gani," in ji tsohon.

Kawu ya yi 'yar dariyar takaici. "Baba, wannan ba rediyo ba ce."

"Na sani. Ka hura ta. Ka canza mata waya. Ka shafa mata mai. Ka wanke ta. Ka kuma buga tebur sau bakwai."

Kawu ya daina dariya.

Tsohon ya miƙe ya tako. A nan Kawu ya ga ƙafafunsa. Jiƙaƙƙu ne sharkaf har idon sawu, shuɗi mai duhu, ruwan baban rini na ɗiga daga yatsunsa. Duk inda ya taka sai ya bar sawu mai laima a busasshiyar ƙasa. Wata biyar ba a yi ruwa ba. Kawu ya bi sawun da ido, ya ga inda ya faro. Daga bakin rami na tsakiya.

Ya so ya yi addu'a, harshensa ya yi nauyi.

Tsohon ya ɗora tafinsa a kan akwatin. Akwatin da ke ɗaure a babur, ba waya, ba wuta. Fanka ta fara juyawa. 'Yar fitilar gabanta ta kama.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Ni ke kashe ta."

"Me... me na yi muku, Baba?"

"Layinka ta kan ɗakina ya bi. Da na ƙanena. Da na tsohuwarmu, ita kuwa ba ta iya tashi." Babu faɗa a muryarsa, sai gajiya. "Sau goma sha tara ina kashewa. Na ce mai hankali ne, zai gane. Matarka ta gane. Kai sai hura ƙura."

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Ka tambaya?"

Kawu ya girgiza kai.

"Mun riga ku zama a nan. Ba mu hana ku gini ba. Taku tara kawai. Ka ja katangarka baya taku tara."

"Filin ba nawa ba ne, Baba. Mai shi ba zai yarda ba."

"Wannan tsakaninmu da shi ne. Kai dai kada hannunka ya ja layin."

Sai ya kama wuyan hannun Kawu na dama. Sanyi, in ji Kawu, kamar ka tsoma hannu a randa da asuba. Ya riƙe shi na ɗan lokaci, yana duban idonsa.

"Wannan don ka riƙa tunawa. Daga yau, duk ƙasar da za ka zana, hannun nan zai gaya maka in da masu ita. Tafi. Kada ka waiwaya."

Babur ya tashi da kansa. Kawu ya hau. Bai je kasuwa ba, gida ya nufo. Ya ce har ya fita daga hanyar yana jin ƙarar ruwa a bayansa, kamar ana motsa rini da sanda. Bai waiwaya ba.

Ya shigo mana ba sallama, leɓɓansa sun yi fari. Anti ta ba shi ruwa ya shanye kofi uku. Ya yi azahar, ya daɗe a zaune. Sannan ya haɗa kwamfutar, ya buɗe zanen, ya ja katangar gabas baya taku tara, ya bar ramukan a waje. Layin ya tafi sumul har ƙarshe. Ba ta mutu ba. Har ya sayar da ita bayan shekara huɗu ba ta sake mutuwa ba.

Na katse Yaya Sahura na ce, "To ai shi ke nan, ya huta."

Yaya Sahura ta girgiza kai. Ina fa hutu. Ran Juma'a ya kai wa Alhaji Sambo zanen. Alhaji ya duba, ya sa yatsa a kusurwar.

"Wannan gibin fa?"

"Ranka ya daɗe, ramukan nan a bar su. Ƙasar wurin ba ta da kyau."

"Fili na saya har iyakarsa. Ka gyara."

"Ba zan iya ba, ranka ya daɗe."

"Ba za ka iya ba, ko ba ka iya ba?"

Ya jefa masa takardun a gaban mutane. Ya ba wani mai zane aikin. Kwana goma na wahala suka tafi a banza, aka kuma yi ta yawo da maganar cewa Tukur ya fara taɓuwa. Wata shida ba wanda ya kawo masa ko zanen banɗaki.

Wancan mai zanen ya ja layinsa, aka cike ramukan, aka yi katanga. Damina ta farko kusurwar gabas ta zube. Aka sake ta da ƙarfe da kankare. Ta sake zubewa, da rani, tsakar rana, ba iska ba ruwa. A karo na uku magina suka ƙi zuwa. Yanzu in kun je za ku ga katangar ta lanƙwasa a wurin, ta ja baya. Na sa an auna mini. Taku tara. Alhaji Sambo kuwa har ya rasu bai ce wa Kawu ka yi haƙuri ba.

Zulai ta ce, "Yaya, da gaske ne kuwa?"

Yaya Sahura ta naɗe gefen zanenta, ta rage murya har sai da muka kusa haɗa goshi.

"Jibi zai zo gidan nan. In ya nannaɗe hannun riga zai yi alwala, ku dubi wuyan hannunsa na dama. Za ku ga shatin yatsu huɗu, shuɗi. Ba sabulun da ba a gwada ba. Ku gani, ku kau da kai, kada ku tambaye shi. Kuma in an aike ku garinsu, ku bi titi ko da ya fi nisa. Hanyar bayan marina ba a bin ta da rana tsaka, ba a kuma bin ta mutum ɗaya. In kuwa kuka ji an ce muku sannu, kafin ku amsa, ku dubi ƙasa."