Kaka na Goma Sha Biyu

Ranar da ya fara ganinta, takardarsa ce a hannunta, ta riƙe ta kai a ƙasa.

Shagon buga takardu ne a bayan jami'a, ɗaki ɗaya, injin biyu, da warin tawada. Ya kawo fosta, wato babbar takardar zane, da zai kai taron masana. Ita ke kula da shagon. Ta shimfiɗa fostar a kan teburin yanka, ta ƙura mata ido.

"Malam, wannan fa? Wayoyin lantarki ne?"

"Bishiyar zuri'a ce. Kin kifa ta."

Ta juya ta. Ɗigo-ɗigo ne jere a ƙasa, layuka suna hawa suna haɗuwa biyu-biyu har su zama ɗaya.

"Ina sunayen?"

"Babu. Lissafi ne. Duk mutum biyun da kika ɗauko, in kika bi ƙwayoyin gadonsu baya, dole su haɗu a jikin mutum ɗaya. Aikina in ƙiyasta yaushe."

"To ni da kai yaushe muka rabu?"

"Sai na duba."

"Je ka duba. Ƙarfe biyar muke rufewa."

Kafin biyar ya dawo. Daga ranar ta raɗa masa Ɗigo. Shi kuma ya bi mutanen gidansu yana ce mata Auta, don ita ce ƙarama cikin 'yan mata biyar, ba namiji ko ɗaya.

Shekara bakwai ya yi a waje yana karatu. Ya dawo da digiri da akwati ɗaya, bai iya doguwar gaisuwa ba, bai iya kwana-kwana a magana ba. A waya ne kawai bakinsa ke buɗewa.

"Auta, na duba. Da wuya mu wuce shekara dubu da rabuwa. Na yi kewarki."

"Shekara dubu kana ina, Ɗigona? Zo da wuri kafin a ƙara wata dubun."

Bayan wata takwas ta ce ya zo ya gaida Baba.

Baba tsohon magatakardan kotu ne. A bangon falonsa akwai salsalar gidansu cikin gilashi, Auta ce ta buga masa da hannunta. Suna goma sha biyu, daga uba zuwa ɗa. A can sama mutumin da suke kira Mai Rijiya, a ƙasa Baba. Ƙarƙashin Baba fili ne, don ba a sa sunayen mata.

Baba ya karanto sunayen da ka, bai kalli bango ba. Sannan ya tambayi nasa. Ɗigo ya kawo uba da kaka, ya tsaya.

"Ba laifinka ba ne," in ji Baba. "Maraici ba zaɓi ba ne. Amma ka san abin da kake nema. Jinin Mai Rijiya ne a jikin yarinyar nan."

Abin da ya kamata ya ce shi ne, "Haka ne, Baba." Kalma uku.

Sai ya ce, "A jikinka dai akwai, Baba, tunda akwai abin da ke bi daga uba zuwa ɗa. Amma ita, da wuya in akwai jininsa a jikinta."

Mama na bakin ƙofa da tiren shayi.

Ya ci gaba da bayani. Hawa goma sha biyu baya, kowa na da kakanni dubu huɗu da casa'in da shida. Gadon yana rabuwa gida biyu a kowace haihuwa, har rabon yawancinsu ya ƙare. Cikin kashi shida, biyar babu komai na Mai Rijiya a jikinta, haka kuma kowace mace take. Ba wanda ya ji wannan. Abin da Baba ya ji shi ne, baƙo ya zauna a kujerarsa ya ce masa 'yarsa ba tasa ba ce. Mama ma shi ta ji.

"Tashi," in ji Baba. "Ka san hanyar da ka shigo."

Mama ta ajiye tiren a ƙasa. "Shekara arba'in ina gidan nan. Ba a taɓa jifata da wannan maganar ba sai yau."

Ɗigo ya tura mahaifiyarsa ban haƙuri, aka bar ta a tsaye. Ya tura shugaban sashensu, aka ba shi ruwa aka raka shi. Sai ya yi abin da ya iya: wasiƙa shafi huɗu, har da zane. Baba ya karanta da jan biro, ya ja layi ƙarƙashin "babu komai nasa", ya miƙa wa Auta.

"Ya maimaita. Wannan karon har da sa hannu."

Ta same shi a ofishinsa, allo cike da rubutu a bayansa.

"Ka je ka ce ƙarya ka yi."

"Ba ƙarya ba ce, Auta."

"Na sani. Ni ce nake buga maka takardun nan, ka ɗauka ba na karantawa? Ba darasi na zo ɗauka ba. Ka je ka ce ƙarya ce."

"In na ce haka, me zan koya wa ɗalibai gobe?"

"Sai ka auri ɗaliban."

Wata biyar ba ta ɗaga wayarsa ba.

A lokacin ne ɗan baffanta, mai shagon magani, ya fara zarya. Sunansa na kan wani reshe na salsalar, kuma Baba bai ɓoye ba: in aka yi, jikokinsa za su hau bangon. Bai tilasta mata ba. Ya dai ce Ɗigo kam, muddin yana numfashi, a'a.

Wata rana Ɗigo ya wuce ta gaban shagon ya ga motar mai maganin. Ya rubuta: "Na ga motar. Allah ya sanya alheri."

Amsa ta zo nan take: "Katin aurensa ya kawo in buga, sakarai. Ba da ni ba. Ya gaji da jira. Kai ma ka gaji ne?"

"Ban gaji ba. Gobe zan je."

Ya je. Ya durƙusa a kan tabarmar falon ya ce duk abin da ya faɗa ƙarya ce.

Baba ya ce, "Shekara talatin ina rubuta shaida a kotu. In gaskiya ka faɗa wancan karon, ka zagi matata. In ƙarya ka yi, ba na ba maƙaryaci 'yata. Zaɓi ɗaya."

Bai zaɓa ba. Ya ɗauki takalmansa.

Shekara huɗu suka yi a haka. Yayyenta suka daina yi mata zancen. Mahaifiyarsa ta daina tambaya. Yana zuwa shagon da takardun da ba ya buƙata, ta buga, su zauna a kan benci har a rufe. Ta cika talatin da huɗu a kan wannan bencin.

"Ɗigo, lissafa mana. Kashi nawa ne Baba zai yarda?"

"Ba ki so ki ji."

"Faɗa dai."

"Ban samu komai ba."

"To. Miƙo mini almakashi."

Sannan Baba ya fara mantuwa. Suna na bakwai a salsalar ne ya fara faɗuwa. Yakan kai na shida ya tsaya, ya koma farko. Daga baya ya manta hanyar gida, ya manta an ci abinci. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya ce ba ya komawa baya.

Wata Talata babu mai kai shi asibiti, Auta ta kira Ɗigo. Ya zo da mota. Baba ya shiga gaba, ya bar shi ya ɗaura masa bel ɗin kujera. A layin jira Baba ya kama hannunsa.

"Yaron nan akwai hankali. Kana da iyali?"

"A'a, Baba."

"Ga Auta nan zaune, me kake jira? Ko ba ta yi maka ba?"

Auta ta tashi ta fita baranda. Ya bi ta.

"Ba shi ne ya yarda ba," ta ce. "Ciwon ne."

"To mu jira."

"Mu jira wa? Wanda ya hana ba zai dawo ba."

Ta gaya wa Mama da yamma. Mama na ninke kayan Baba, ba ta ɗago ba. "Ni ban manta ba," ta ce. "Amma ku yi."

Aka ɗaura auren a falon, mutum goma sha biyar, baffanta ya tsaya mata. Baba na kujerarsa cikin farin kaya yana yi wa kowa murmushi. Da aka watse, suka durƙusa a gabansa.

"Kai ne likitan?"

"A'a, Baba. Mijin Auta ne."

"Auta ta yi aure? Ba wanda ya gaya mini." Ya juyo gare ta. "Yana da kirki?"

"Ba laifi, Baba. Bakinsa ne dai."

Ya yi dariya, ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan Ɗigo. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka, maza da mata."

"Amin," suka ce.

Ita ce albarkar da suka yi fiye da shekara huɗu suna jira. Yanzu duk Asabar in sun zo gaisuwa sai ya tambayi ko wane ne wannan, a gaya masa, ya sake sa musu ita sabuwa. Su kuma su ce amin.